Tutar Rasha a titin Kano da haƙƙinmu na cewa a'a

A farkon watan Agusta na 2024, a kwanakin da zanga-zangar tsadar rayuwa ta cika titunan Kano har gwamnati ta kafa dokar hana fita, na ga wani yaron unguwarmu da nake sayen katin waya a wurinsa ya dawo gida riƙe da tuta mai launi uku, fari da shuɗi da ja, wadda aka ɗinka da yadin da bai fi girman kallabi ba. Na tsayar da shi a ƙofar zaure na ce, "Ɗana, ka san ta wace ƙasa ce wannan?" Ya ce, "Ta Rasha ce, Baba." Na ce, "To me Rasha ta taɓa yi maka?" Ya ɗan sunkuyar da kai, sannan ya ce, "Baba, ni dai na san ba sa shiri da Amurka, kuma Turawan can ne suka sa aka cire mana tallafin mai."

Ban yi masa faɗa ba, domin yunwar da ta fito da shi titi gaskiya ce, kuma ƙin da ke zuciyarsa yana da asali. Amma tun ranar tambaya ɗaya take yi mini yawo a rai: shin ƙin da muke yi wa aƙidar sassaucin ra'ayi ta Turawan Yamma, wadda ɗaliban Larabci ke kira libraliyya, da ma sauran aƙidun da ke gogayya da ita irin su gurguzu da mulkin mutum ɗaya mai ƙarfi, yana da hujjar da za ta tsaya da ƙafafunta? Ra'ayina shi ne muna da cikakken haƙƙin ƙi, kuma tarihi ya ba mu dalilai masu nauyi. Damuwata ita ce a garin nan mun daɗe muna ƙin ɓangaren da zai kare talaka, muna haɗiye ɓangaren da ke cinye shi.

Ya kamata a fara da sanin abin da ake magana a kai, domin kalmar ta zama kamar zagi a bakin wasunmu ba tare da sun tantance ta ba. Aƙidar ta taso ne a Turai bayan yaƙe-yaƙen addini da suka yi wa nahiyar kaca-kaca, musamman yaƙin shekara talatin da aka gwabza daga 1618 zuwa 1648. Jigonta shi ne mutum ɗaya, shi kaɗai, yana da haƙƙoƙin da sarki ko coci ko jama'a ba su da ikon taɓawa: ya yi addinin da ya zaɓa, ya faɗi ra'ayinsa, ya mallaki dukiya, kada a tsare shi sai da shari'a. Daga wannan saiwa rassa uku suka fito. Akwai reshen siyasa, wanda ke taƙaita ikon mai mulki ta hanyar tsarin mulki da kotu da zaɓe da 'yan jarida. Akwai reshen kasuwa, wanda ke cewa gwamnati ta cire hannunta daga farashi da ciniki. Akwai kuma reshen zamantakewa, wanda ke cewa aure da sutura da tarbiyya da imani duk sha'anin mutum ne da kansa, ba ruwan dangi ko unguwa. Mai magana a kan wannan aƙida da bai raba rassan nan ba, zai yi ta sara ne a duhu.

Dalilin farko da ya halatta mana zargi shi ne yadda aƙidar ta iso mana. Ba a cikin littafi ta zo ba, a bayan bindiga ta zo. A watan Fabrairu na 1903 sojojin Lugga suka fasa ganuwar Kano, a watan Yuli na shekarar aka kashe Sarkin Musulmi Attahiru a Burmi, a 1906 kuma aka shafe garin Satiru. Ingilar da ta aikata wannan ita ce ƙasar da ta fi kowace alfahari da 'yancin ɗan'adam a lokacin, kuma manyan masananta ba su ga wani tufka da warwara a ciki ba. John Locke, wanda ake ɗauka uban aƙidar, yana da hannun jari a kamfanin da ke cinikin bayi daga gaɓar Afirka ta Yamma. John Stuart Mill, wanda ya yi shekara 35 yana aiki a kamfanin da ke mulkin Indiya, ya rubuta a 1859 cewa 'yancin da yake karewa na al'ummun da suka waye ne, waɗanda ya kira marasa wayewa kuwa halal ne a mulke su da kama-karya muddin ana nufin gyara su. Mu ne waɗannan mutanen. Duk wanda ya ce mu manta da wannan domin ya wuce, sai ya dubi Aljeriya, inda jam'iyyar masu kishin Musulunci ta lashe zagayen farko na zaɓe a watan Disamba na 1991, sojoji suka soke zaɓen a watan da ya biyo baya, masu wa'azin dimokuraɗiyya kuma ba su ɗaga murya yadda suka saba ba. Ya dubi Iraƙi a 2003 da Libiya a 2011, wadda makamanta suka malalo Sahel har suka iso mana. Ya dubi Faransa, wadda ta hana 'yan mata sanya hijabi a makarantun gwamnati a 2004 da sunan raba addini da gwamnati.

Dalili na biyu ya fi wannan zurfi, kuma zai tsaya ko da Turawa ba su taɓa zaluntar kowa ba. Aƙidar tana kallon mutum a matsayin wanda ya zo duniya shi kaɗai, sannan ya zaɓi alaƙoƙinsa. Mu kuwa mun san mutum yana buɗe ido ne ya tarar da kansa ɗan wani, jikan wani, maƙwabcin wani, bawan Allah, da nauyin da bai zaɓa ba kuma ba shi da ikon saukewa. A unguwar da na tashi, in yaro ya yi rashin kunya a layi, duk dattijon da ya gani zai tsawatar masa, uban yaron kuma godiya zai zo yi. In an yi rasuwa, kafin dangi su iso maƙwabta sun haƙa kabari sun shimfiɗa tabarmi. Wannan tsari yana da nasa aibi, domin wani lokaci yakan danne mai rauni, musamman mace da ƙaramin yaro, kuma ba zan ɓoye hakan ba. Amma shi ne ya riƙe miliyoyin mutane a garin da gwamnati ba ta ciyar da marar aiki, ba ta ɗaukar nauyin tsoho. Al'ummar da ta ce ba za ta yarda a kwance wannan igiya ba, tana da hujja, kuma ba ta buƙatar izinin kowa daga waje, domin mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. A kan wannan ma'auni nake ganin komawar Kano ga shari'ar Musulunci a shekarar 2000, bayan Zamfara ta fara a 1999, abu ne da jama'a suka nema da bakinsu ta hannun zaɓaɓɓun wakilansu. Wanda ya yarda da mulkin jama'a ba zai ce ra'ayin jama'a yana da daraja ne kawai idan ya dace da nasa ba.

Sai dai a nan ne maganar take juyawa ta fuskance mu. A cikin rassan nan uku, wanne ne ya fi yi wa Kano ɓarna a zahiri, kuma wanne muka fi yaƙa?

A 1985 gwamnatin Janar Babangida ta buɗe muhawara a kan karɓar bashin Asusun Lamuni na Duniya, 'yan ƙasa suka ce ba sa so, gwamnati ta sanar cewa ta fasa. Shekara na zagayowa, a 1986, sai ta ɗauko sharuɗɗan bashin ta aiwatar da su da sunan shirin gyaran tattalin arziki, wanda kowa ya sani da SAP: aka karya darajar naira, wadda kafin nan ta fi dala a farashin gwamnati, aka rushe hukumomin sayen amfanin gona, aka fara sayar da kamfanonin gwamnati, aka buɗe ƙofa ga kayan waje. Yayana yana aiki a wata masaƙa a Bompai a wancan zamani. Ina tuna yadda yake dawowa da yamma a kan kekensa, auduga ta manne masa a gira da gashin kai, da ƙunshin tsire na yara a ranar albashi. Ina kuma tuna ranar da ya dawo da hantsi, ya jingine keken a soro, ya miƙa wa mahaifinmu takardar sallama bai ce uffan ba. Ya ƙare rayuwarsa yana tallan atamfar da aka saƙa a Sin a bakin Kantin Kwari. Duk wanda ya ratsa Sharaɗa da Challawa da Bompai a yau zai ga gine-ginen masana'antu da yawa sun koma rumbunan ajiye kayan da aka shigo da su. Ba SAP kaɗai ta kashe su ba, rashin wutar lantarki da fasa-ƙwauri sun taka rawa, amma ita ta buɗe ƙofar. Haka aka maimaita a ranar 29 ga Mayu, 2023, da aka sanar cewa tallafin mai ya tafi: litar da ba ta kai naira 200 ba ta haura 500 cikin 'yan kwanaki, daga baya ta wuce 1,000, aka kuma saki naira ta nemi farashinta a kasuwa.

Wannan shi ne reshen kasuwa, kuma manyanmu na Arewa suna cikin kowace gwamnatin da ta aiwatar da shi. Wasunsu sun sayi kamfanonin da aka yi gwanjonsu, wasu sun yi arziki da canjin kuɗi da shigo da kaya. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Ba na yawan jin an kira wannan baƙuwar aƙida, ko an ce ya saɓa wa al'adunmu, alhali addinin da muke tutiya da shi ya hana riba, ya hana ɓoye abinci domin ya yi tsada, ya ɗora wa shugaba nauyin mai jin yunwa. Amma da zarar ɗan jarida ya tambayi inda kuɗin asibiti suka shiga, ko matashi ya soki mai mulki a Facebook, ko mace ta nemi haƙƙinta na gado ko na ciyarwa a gaban alƙali, sai ka ji an ce tarbiyyar Turawa ce, an ce rashin kunya ne. Wato reshen da ke cika aljihun babba an karɓe shi hannu bibbiyu, wanda zai ɗaure hannun babba kuma an ce haramun ne. Irin wannan ƙi ba na ganin yana da wata hujja, domin kare kujera ne aka lulluɓe da rigar addini.

Abin da ya fi ba ni takaici shi ne taƙaita ikon mai mulki ba baƙon abu ba ne a wurinmu, balle a ce sai mun aro. A garin nan Shaihu Magili ya rubuta wa Sarki Muhammadu Rumfa nasiha a kan wajiban sarauta tun ƙarni na 15, ya gargaɗe shi kada ya shige gida ya ɓuya wa talakawansa. Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya lissafa laifuffukan sarakunan zamaninsa, ciki har da harajin zalunci da cin hanci a wurin shari'a da ƙwace dukiyar talaka. Ƙaninsa Malam Abdullahi, da ya ga wasu mutanen jihadi sun fara karkata ga son duniya, ya baro su ya iso Kano, a nan kuma ya rubuta wa jama'ar gari littafi a kan yadda ake mulki da adalci. Da aka kafa jam'iyyar NEPU a Kano ranar 8 ga Agusta, 1950, Malam Aminu Kano da Malam Sa'adu Zungur da mabiyansu daga wannan rijiya suka sha, ko da yake sun karanta littattafan gurguzu da na 'yancin ɗan'adam sun ɗauki abin da ya yi musu. Mahaifina tela ne, ɗan NEPU, kuma har ya rasu akwai tabon bulala a gadon bayansa. An kai shi gaban wani alƙali ne saboda ya halarci lacca ba da izini ba, kuma laifin da aka karanta masa shi ne raina manya. Su ma a lokacin an ce musu 'yan koren baƙin aƙidu ne, an ce sun fita daga tarbiyya. Amma su ne suka yi ta fafutuka har matan Arewa suka sami damar jefa ƙuri'a a shekarun 1970, kuma gwamnatin PRP ta Abubakar Rimi ce ta soke haraji da jangali a 1979. Malam Aminu bai zama Bature ba, a gidansa na Gwammaja ya zauna yana tafsiri har ya rasu a 1983. A wurinsa na koyi cewa mutum zai iya tace aƙida kamar yadda ake tace koko, ya sha ruwan ya zubar da dusar.

Akwai kuma ƙin da ke kashe mai yin sa, kuma Kano ta ɗanɗana shi fiye da yawancin garuruwa. A 1996, lokacin annobar sanƙarau, kamfanin Pfizer ya yi gwajin maganin Trovan da yara kimanin 200 a garin nan, aka ba kusan rabinsu maganin, 11 daga cikin yaran suka mutu, wasu suka nakasa, shari'ar kuma ba ta kai ga sulhu da gwamnatin jiha ba sai a 2009. Saboda haka da aka dakatar da rigakafin shan-inna a 2003 bisa zargin an sa masa abin hana haihuwa, tsoron mutane yana da tushe, domin wanda maciji ya sara in ya ga tsumma sai ya gudu. Amma zargin bai tabbata ba, aka koma rigakafin a 2004, kuma a tsakanin nan cutar ta bazu har ƙasashen waje. 'Ya'yanmu ne suka biya kuɗin, wasunsu suna nan suna jan jiki a bakin danja. Mafi muni shi ne ƙin da ya ɗauki makami. Rikicin Maitatsine na watan Disamba 1980 ya ci rayuka fiye da 4,000 a cikin birni. Masu cewa boko haramun ne sun kashe mutane fiye da 180 a hare-haren 20 ga Janairu, 2012, sannan suka tayar da bama-bamai a babban masallacin Juma'a na ƙofar fada ranar 28 ga Nuwamba, 2014. Ba Turawa suka kashe ba, masallata suka kashe. Duk ƙin da ya halatta jinin maƙwabci ya rushe hujjarsa da hannunsa tun kafin a saurare shi.

Su kuma aƙidun da ke gogayya da ta Yamma, ban ga dalilin da zai sa mu sassauta musu binciken da muke yi wa waccan ba. Tarayyar Sobiyet ta rufe dubban masallatai a Asiya ta Tsakiya, ta kuma yi shekara goma tana yaƙi a Afganistan daga 1979. Rashar da yaron unguwarmu ya ɗauki tutarta ita ce ta ragargaza birnin Grozny na Musulmin Checheniya, kuma tun 2022 tana da dokar da za ta iya ɗaure mutum shekara 15 saboda abin da ya faɗa a kan sojojinta. Sin ta fitar da ɗaruruwan miliyoyin mutane daga talauci, abin da ya cancanci mu yi nazarinsa da gaske, amma Musulmin Uigur sun san farashin da ake biya a ƙarƙashin jam'iyya ɗaya. Mu kanmu mun ga mulkin soja, mun san yadda ake ɗauke mutum da dare a rasa mai tambaya. Gudun gara a faɗa gidan zago ba tsira ba ce.

Abin da ya biyo bayan zanga-zangar ya isa ya sa mu yi tunani. An kama matasa da yawa, har da telolin da aka zarga da ɗinka tutocin, aka kwashe wasu zuwa Abuja. Bayan kimanin wata uku a tsare, a ranar 1 ga Nuwamba, 2024, aka gurfanar da su a babbar kotun tarayya bisa tuhumar cin amanar ƙasa, da yawansu ƙananan yara ne daga Kano da maƙwabtanta, ƙasusuwansu a waje, wasu suka yanke jiki suka faɗi a gaban alƙali. Hotunan suka bazu, lauyoyi da 'yan jarida da ƙungiyoyin kare haƙƙi da malamai da sauran jama'a suka yi ca, cikin 'yan kwanaki shugaban ƙasa ya ba da umarnin a sake su. Abin da ya ceci yaran nan shi ne kotun a buɗe take, an bar mai kyamara ya shiga, kuma mutane suna da bakin magana ba tare da an ɗaure su duka ba. Babi na 4 na tsarin mulkin 1999 ya ce a kai wanda aka kama gaban kotu cikin kwana ɗaya ko biyu, kuma da an bi wannan tun farko da ba su yi wata uku a ɗaure ba. Ban san wata aya ko hadisi da wannan tanadi ya saɓa wa ba. Abin da na sani shi ne ɗan talaka ne yake buƙatarsa, domin ɗan babba ba ya kwana a caji ofis.

Don haka idan aka zo mana da sharaɗin cewa sai mun sauya ma'anar aure ko mun cire addini daga tarbiyyar 'ya'yanmu kafin a ba mu tallafi, ina cikin masu cewa a riƙe tallafin. Idan aka ce kasuwa ce kaɗai za ta yanke wa zai ci abinci wa zai kwana da yunwa, nan ma ina cikin masu ƙi, kuma ina so in ji wannan ƙin daga kan mumbari da ƙarfin da nake jin maganar fina-finai da askin samari. Hukumar Hisba tana aikin alheri wajen sasanta ma'aurata da aurar da zawarawa, na ga gidajen da ta hana rushewa, amma mutuncinta zai ƙaru ranar da mai gidan biki a unguwar masu kuɗi ya ji tsoronta kamar yadda mai Adaidaita Sahu yake ji. Yaron unguwarmu yana cikin waɗanda Allah Ya tsare ba a kama ba, uwarsa ta ƙona tutar a murhu a daren da aka fara kame. Har yanzu yana nan a ƙarƙashin lemarsa yana sayar da kati, kuma da na tambaye shi kwanan baya ko ciniki ya gyaru, ya ce mini mutanen da ke sayen na naira 500 yanzu na 100 suke saye.